Jinin Gidan Surukai

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma har zuwa yanzu da nake zaune ina rubuta shi raina bai gama hucewa ba.

Na tsinci kaina a wani gari da ban sani ba, amma kowa ya san ni. A garin nan inuwar mutum ce ke gaba. Ita ke fara isa wuri, ta yi sallama, ta yi gaisuwa, sai daga baya mai ita ya iso ya zauna kawai. Tawa inuwar ta riga ni isa asibiti, ta kuma riga ta gaya wa kowa cewa hankalina a kwance yake. Na iso na tarar da ita a bakin ƙofa tana murmushi. Na taka ta na wuce.

Asibitin ba shi da rufi. Wai an cire shi ne don kada ciwo ya rasa hanyar fita. Gadaje a jere suke a gindin wata ƙatuwar tsamiya, kuma a na ƙarshe jikata Barira ce kwance. Ta haihu, ɗan yana gefenta a naɗe cikin zani, amma ta zubar da jini ba kaɗan ba. Tafin hannunta ya yi fari fat, leɓenta ya koma kalar ruwan shinkafa. Duk da haka da ta gan ni sai da ta nemi tsokanata yadda ta saba.

"Tsohuwa, kin zo rabon kayana ne? Ban bar komai ba sai wannan mai kukan."

Na ce ta rufe min baki ta adana numfashinta.

Nas ɗin da ke kula da ita zabuwa ce, da farar hula a ka. Ban yi mamaki ba, don ta iya tafiyar sauri da kai a sama, ta kuma iya amsa tambaya ba tare da ta tsaya ba. Ta ce mai jego na bukatar ƙarin jini kafin rana ta faɗi. A garin kuwa rana faɗuwa take yi ta gaske, wani lokacin tun da hantsi, ya danganta da ƙarfin wanda aka ba riƙonta. Ta ce amma kada in damu, jini na nan tafe daga gidan surukai.

Sai ga kwano ya shigo da ƙafarsa. Babban kwanon samira ne mai zanen furanni, irin wanda ake kai tuwon salla a ciki, an rufe shi an ɗaure da farin ƙyalle. Ya yi sallama aka amsa, ya samu wuri nesa kaɗan da gadon ya zauna. A bayansa Alhaji Mudi ne, mahaifin mijin Barira, cikin babbar riga, ya dafe auduga a gwiwar hannu. Da kansa ya bayar. Ya hana 'ya'yansa, ya ce matar ɗansa 'yarsa ce, ba jinin da zai shiga jikinta sai nasa. In faɗi gaskiya, ko a farke mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ƙara dagula min lamarin.

Kwanon na zama, wata siririyar roba ta tsiro daga ƙarƙashin murfin, jawur, da allura a bakinta. Ta sauka ƙasa ta fara yaɗo kamar kabewa. Ba sauri take yi ba, amma hannun Barira ta nufa.

Na gaida Alhaji, na yi masa godiya yadda ya kamata, sannan na juya wajen zabuwa na ce, "An gwada shi?"

Ganyen tsamiyar da ke faɗowa ya koma reshensa. Zabuwa ta yi tuntuɓe. Alhaji ya ɗaga kai yana kallon sama, irin kallon babban mutumin da aka yi tusa a gabansa yana so ya nuna bai ji ba. Na sake maimaita tambayar, tunda ban ga abin kunya a cikinta ba. Zabuwa ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai dai shugabar ɗakin gwaji.

Sai ga mu a ɗakin gwaji.

Shugabar akuya ce, ja, ta maƙala tabarau a ƙaho. Na same ta tana cin kalandar bango. Ta cinye watan da muke ciki ta shiga na gaba. Ta karɓe ni da mutunci, ta nuna min injin gwajin jini a kan tebur, an lulluɓe shi da ƙyalle mai aikin saƙa kamar talabijin ɗin amarya. Ta ce lafiyarsa ƙalau, ba ya kuskure. Daga nan ta buɗe wani firji mai tsawon ɗaki. Ledojin jini ne a ciki reras, sun jingina da juna kamar mutanen da suka gaji da jiran mota.

Ta ce wannan duk jinin baƙi ne, na direbobi da ɗalibai da 'yan kasuwa masu wucewa. Kowace leda an gwada ta, ciwon hanta iri biyu, ƙanjamau, da sauran abin da ake dubawa. Wadda aka samu da wani abu an fitar da ita, an kira mai ita gefe an gaya masa. Waɗannan da suka rage ba komai a cikinsu.

Na ce to madalla, a ɗauko wadda ta dace da Barira mu tafi.

Akuya ta daina tauna. Ta ce wa zai yarda a zuba wa 'yarsa jinin mutumin da ba a san kakansa ba? Ta ce ledojin nan sun daɗe a nan, ba mai so. Ledojin suka yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, har firjin ya yi gumi. Ta ƙara da cewa ko da ina so ma, doka ta hana a rataya ledar baƙo alhali kwanon surukai na zaune a wurin. Cin fuska ne.

Na ce to a kawo kwanon a sa a inji.

"Inji na baƙi ne, Malama. Jinin gida yana da nasa gwajin."

Ɗakin ya naɗe kansa kamar tabarma, sai ga mu a gindin tsamiya. Robar ta ci rabin hanya. Akuya ta gyara tabarau, ta je gaban kwanon, ta ƙwanƙwasa murfin da kofato.

"Salamu alaikum, jinin gidan Alhaji. Ina kwana?"

Daga ciki wata murya mai ladabi ta ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida?"

"Kowa lafiya, alhamdu lillahi."

Akuya ta juyo ta dube ni ta ce na dai ji da kunnena.

Nan na fara jin zuciyata na tafasa. Na ce mata tun da aka haife ni ban taɓa jin wanda aka gaisar ya ce ba lafiya ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, a ranar da zai cika an tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Na je ta'aziyya gidan da wuta ta cinye, na ce ina kwana, aka ce min lafiya lau, muna tsaye a kan toka. In wannan ne gwaji, to ba mara lafiya a ƙasar nan tun daga kakanninmu.

Ta ce akwai gwaji na biyu ga masu taurin kai, shi ne a kalli mai jinin. Ta zagaya Alhaji tana nuna min da haɓa. In dubi wuyan nan. In dubi tumbin nan. In dubi farin idonsa kamar madara. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa kwana a gadon asibiti ba, ko zazzaɓi in ya zo masa a tsaye suke rabuwa.

Na ce ban musa ba. Amma ciwon hanta yakan zauna a jikin mutum tun yana goye har ya yi furfura bai ce uffan ba, mai shi na cin tuwonsa yana ƙiba. Ba a ganinsa a wuya, ba a ganinsa a riga, ba ya kuma tambayar sau nawa mutum ya je Makka. A jini ake ganinsa, ga inji can an yi masa lulluɓi.

Akuya ta ce to akwai na uku, kuma shi ne ba a taɓa samun kuskure a cikinsa ba. A ƙara wa yarinya jinin, a koma gida a jira. In bayan wasu shekaru idonta ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, to an tabbatar. In bai yi ba, an huta da ɓata wa dattijo rai a banza.

Na nemi abin da zan jefe ta da shi. Duk dutsen da na ɗauka sai ya zama ƙosai.

Sai na ji gyaran murya daga sama. Matan gidajen biyu ne, namu da na Alhaji, zaune a kan rassan tsamiya cikin kwalliyar suna, ƙafafu na reto. Yayar Alhaji, Hajiya Kubura, tana kan reshe mafi tsawo, ita ce mai magana. Ta ce ita dai ta san ni da ilimi, ba ta san ilimin ya cinye min kunya ba. A ina aka taɓa buɗe kwanon surukai a gaban wanda ya kawo? Kwano in ya zo, karɓa ake yi da hannu biyu a kai ɗaki, ko me ke ciki a ce an gode. Wanda ya ɗaga murfi yana leƙe, cewa yake yi bai yarda da hannun da ya dafa ba. Balle wannan, da kowa ya san irin hanyar da ake bi a kwaso waɗannan cututtuka. In na ce a gwada jinin ƙaninta, to in fito fili in ce mazinaci ne, kowa ya ji.

Na ce ni ban ce ba, ita ta ce. Na ce hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai askar da ta bi kan wani ta zo kanka. Akwai ƙahon da aka cire daga bayan wani aka kafa a naka. Akwai allurar da ba a sake ba. Akwai uwar da ta haife ka da shi ita ma ba ta sani ba. Ina fara lissafin nan kowace mace ta ciro faifai biyu ta rufe kunnuwanta. Sai da na yi shiru suka sauke.

Robar ta kai ƙafar gado ta fara hawa.

Barira ta kamo bakin zanina. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Iya, ki bari. A gidansu fa zan zauna."

Wannan ce kaɗai maganar da ta tsayar da ni a duk garin, don gaskiya ce. Ni zan koma ɗakina in rufe ƙofa, ita ce za ta riƙa gaida Hajiya Kubura kullum safiya. Na tsaya ina kallonta. Sai na ce mata fushin surukai ana zama da shi, na ga matan da suka zauna da shi har suka aurar da jikoki. Hanta kuwa guda ɗaya Allah ya ba ta.

Na je na kwance ƙyallen, na ɗaga murfin.

Ɗaki ne a ciki, ƙarami, da jan bango da jan daɓe. Wani ɗan tsurut ɗin dattijo na zaune a kan buzu cikin riga ruwan ɗorawa, yana ɗaure kayansa. Ya naɗe tabarma, ya sa buta a buhu. Da ya ga haske ya ɗago, ya gaishe ni har da sunkuyawa. Muryarsa ce ta amsa gaisuwar akuya ɗazu.

Na tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce ciwon hanta ne, wanda 'yan boko ke yi wa laƙabi da harafin B. Ya ce shi ba baƙo ba ne, ya girmi duk 'ya'yan Alhaji a gidan. Ranar sunan Alhaji ya tare, a kan askar wanzami. Ranar wanzamin ya yi aski a gidaje da dama kafin ya iso, ya goge askar a cinyarsa, shi ke nan. Tun daga lokacin yake zaune, bai taɓa yin hayaniya ba, bai taɓa sa mai gida ya kwanta ba. Ya ce ni ma shaida ce, mutum mai zaman lafiya irinsa sai an tona.

Na ce ƙanjamau fa, yana ciki?

Ransa ya ɓaci. Ya ce wancan bai taɓa taka gidan nan ba, amma ko ina aka je sunansa ake kira. Shi da ya fi shi yawan gidaje nesa ba kusa ba, ba wanda ke tambayarsa. Har in ya gama da mutum ma sai a ce shawara ce, ko sammu, a yi ta ɗura masa saiwa. Ya ce abin na yi masa ciwo, amma ya saba, kuma rashin suna na da daɗinsa, ba mai korarka.

Na ce to ina zuwa da kaya haka?

Ya nuna bangon da yatsa. Ya ce in duba da kyau, ginin ya fara taurin dutse, can sama ma ya tsage. Ba zai bar gidan duka ba, iyalinsa na da yawa, wasu za su zauna su ga abin da hali zai yi. Amma an ce masa akwai sabon gida, yarinya ƙarama, hanta ɗanya shar, ga haihuwa a gaba. Shi kuwa gidan da ya fi so shi ne wanda ya shiga tun mai shi na jariri, irin wannan ba kasafai ake fitar da shi ba. Sai ya rage murya ya tambaye ni, wannan na cikin zanin, an yi masa allurar nan ta ranar haihuwa? Don ita kulle ƙofa take yi, ya sha zuwa ya tarar da kwaɗo. Ya ce bai son ta, kamar yadda bai son ƙwayoyin nan da likitoci ke ba mai gida, masu sa mutum ya zauna a lungu ba motsi.

Na ce za a yi wa jaririn allurar yau ɗin nan, ko da ni zan riƙe zabuwar.

Na miƙe na dubi jama'a. Na ɗauka magana ta ƙare, tunda kowa ya ji. Ashe ban san garin ba. Akuya ta hau kan kujera ta yanke hukunci cewa duk abin da aka gani a kwanon da aka buɗe ba da izini ba, ba a gan shi ba. Abin da aka ji ma ba a ji ba. Ta ce a mayar da murfi a ci gaba. Matan kan reshe suka ce haka ne, haka aka saba.

Na taka robar da ƙafa, ta ratsa ta tafin ƙafata ta wuce kamar hayaƙi. Na kama ta na cije, ta tsinke, kowane gutsure ya tsiro da allurarsa, suka haɗe suka ci gaba. Na ɗauki kwanon in yi jifa da shi, ya yi nauyin turmi. Zabuwa ta zo wucewa da saurinta, ta ce min a kunne ba ta tsaya ba, kwano ba ya jin kiran kowa sai na wanda ya aiko shi.

Allurar ta hau katifa. Tana shinshina hannun Barira tana neman jijiya.

Alhaji Mudi na nan inda yake tsaye. Audugar ta faɗi daga hannunsa bai sani ba. Shi dai ya ji, na ga haka a fuskarsa. Na je gabansa na ce ya kira kwanonsa.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, ba irin ta ɗazu ba.

"Malama, wallahi ban taɓa sanin wata mace ba bayan iyalina."

Na ce na yarda, kuma ba ni kaɗai ba, mai rigar ɗorawa ma ya faɗa da bakinsa. Askar suna ce. Yana cikin zanin goyo aka yi masa, ko sunansa bai sani ba.

Ya ɗaga ido ya dubi rassan. Ya ce waɗancan ba za su ji wannan rabin ba, rabin farko kawai suke ɗauka su kai gari. In ya kira kwanon nan ya amsa ke nan. Gobe in ya shiga masallaci sahu zai buɗe masa ta dama da hagu. Ba wanda zai sake sa hannu a akushinsa. Yana da 'yan mata a gida da ba a aurar ba. Ya ce wataƙila ma tsohon nan na cikin kwano ƙarya yake yi, wataƙila in an ƙara ba abin da zai faru, Allah ne mai tsarewa.

Duk abin da ya faɗa game da mutane gaskiya ne, shi ya sa na ƙara hasala. Ban san da wa nake fushin ba, da shi, ko da rassan, ko da wanzamin da ya mutu tun tuni.

Na ce, "Mudi."

Haka, gatsal, ba Alhaji. Wata mata ta faɗo daga reshe, sai dai sama ta faɗa, ba a sake ganinta ba.

"Mudi, tsoron baki kake ji, ko? To bari in rage maka. A buɗe nawa."

Sai a lokacin na lura ashe kowa a garin yana da murfi a jikinsa, a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, an rufe da tufafi. Na laluba na ji nawa, ƙaramin murfin langa, har da ɗan maɗauki. Na ce masa ni ma an yi min askin suna. Da allura ɗaya aka huda kunnen duk 'yan matan layinmu, muna layi muna kuka. An yi min ƙaho a baya, an yi min allura a shagon da ban ga an fasa sabuwar leda ba. Ban san wanda ke zaune a cikina ba, kamar yadda shi ma bai sani ba. Na ɗaga murfin a gaban maza da mata da akuya. Iska mai sanyi ta shiga.

"Leƙa. Abin da ka gani ka faɗa da ƙarfi, na sama su ji. Sai su raba bakin biyu, rabi naka rabi nawa, mu ga ko zai ishe su."

Hajiya Kubura ta ce a'uzu billahi, tsohuwa ta tuɓe. Ba wanda ya taya ta. Na ga wasu daga cikin matan sun sa hannu a ƙarƙashin mayafi suna laluben nasu gefen.

Alhaji ya sunkuya ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ta gefen idona ina hango allurar, ta samu jijiya, ta ɗaga kai kamar maciji zai sara.

Ya miƙe. Ya juya wajen kwanon, ya yi magana yadda ake yi wa yaron da ya daɗe a gidan mutane.

"Kwano, taso mu tafi gida."

Allurar ta tsaya, bakinta na taɓa fata. Robar ta yi yaushi, ta janye, ta naɗe kanta ta koma ƙarƙashin murfi. Daga ciki na ji tsohon yana ƙunƙuni yana kwance buhu. Kwanon ya tashi ya je ya tsaya a bayan mai shi, kai a ƙasa.

Zabuwa ba ta jira umarnin kowa ba. Kafin akuya ta sauko daga kujera ta riga ta dawo da ledar baƙo a baki, ta duba ta dace, ta rataya ta a reshen tsamiya. Jinin wani direba ko ɗalibi da ba wanda ya san kakansa ya fara sauka ɗigo-ɗigo. Ina tsaye leɓen Barira ya fara dawowa kalarsa. Rana ta yi tangal-tangal a sama, amma mai riƙon ya gyara hannu.

Alhaji ya tambayi akuya ko injin nan na karɓar mutumin da aka san kakansa. Ta ce ba a taɓa gwadawa ba, kuma sai an cire ƙyallen, ita kuwa ba ita ta lulluɓa ba. Ya ce zai cire da hannunsa, gobe kuma zai taho da mutanen gidansa duka, har da mai reshe mafi tsawo. Hajiya Kubura ta sa faifanta.

Barira ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa.

"Iya, ki rufe cikinki mana. Ana hango tuwon jiya."

Ban rufe ba. Na bi Alhaji na sha gabansa, na ce ai bai gaya min ba. Me ya gani? Akwai wani a zaune? Akwai buzu, akwai buta? Na ce kada ya yi min kara, ban yi masa ba.

Ya dube ni da tausayi ko da girmamawa, ban iya bambancewa ba. Ya buɗe baki zai faɗa. Maimakon magana sai ƙarar ƙarfe ta fito, ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas. Na ce ya maimaita. Ya sake buɗe baki, ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Na farka.

Gari ya waye tuni, har na makara salla, abin da ya ƙara min haushi. Ƙarar kuwa tana nan ba ta tsaya ba, daga bayan tagata take zuwa. Mai yankan farce ne ke wucewa yana kaɗa almakashinsa. Na ji mazan da ke zama a dakalin ƙofar gidanmu sun kira shi. Na ji muryar autana Lawwali yana cewa a fara da shi yana sauri, wani ya ce shi ne na biyu, wani ya ce a bar masa na uku, yana da farcen da ya shige nama.

Na sa hannu na laluba ƙarƙashin haƙarƙarina. Fata ce kawai. Wannan amsar ba mai leƙawa ya gaya min, sai na je na miƙa hannu an ɗiba.

Na yi sallata, na ɗauki mayafi. Asibiti zan je, amma ta dakalin nan zan bi.